Daga Bakin Shago: Mai Cewa "Na San IP Ɗinka", Me Ya Sani?

 

Wannan makon zan ajiye maganar farashin shadda da kuɗin kwastan, in taɓo wata magana da ta fara yawa a zaurukanmu na WhatsApp, daga nan Duwala har Yawunde da Kano. Wata sabuwar barazana ce ta shigo bakin yara: "Na san IP ɗinka." Musu ya yi zafi a kan ƙwallo ko siyasa, sai wani ya jefo ta. Wani kuma sana'a ya mai da ita. Zai tura wa mace ko dattijo wasu lambobi, ya ce ya san gidan da suke kwana, a turo masa kuɗi ko su gani a ƙwaryarsu. Uku daga cikin saƙonnin da aka aiko mini a watan nan a kan wannan suke, biyu daga iyaye mata. Ɗaya ta ce 'yarta ta kwana biyu ba ta ci abinci ba, har ta fara neman rancen jaka hamsin a ɓoye don ta rufe bakin wani da ba ta taɓa gani ba.

A ɗaya gefen kuma ga samarinmu da suka ɗauki kutse wasan yara, suna ƙalubalantar juna: in ka isa shiga wayata, in ka isa fasa wayfay ɗin Alhaji wane. To tsoron na farko da gangancin na biyu uwarsu ɗaya, rashin sanin yadda abin yake aiki. Don haka bari mu baje shi a faifai.

Lambar da ke kan dila

Duk wanda ya taɓa tura kaya daga Kasuwar Kongo zuwa Ngaundare ya riga ya san rabin karatun. Kana da dila goma. A jikin kowace za ka rubuta sunan mai karɓa da naka. Wasu su bi jirgin ƙasa, wasu su bi babbar mota, ba lallai su isa tare ba. Mai karɓa ya ƙirga, in ɗaya ta ɓace ya kira ka a sake turowa. Haka intanet yake yi. Hoton atamfar da ka tura wa kwastoma ba ya tafiya a dunƙule, ana yanyanka shi ƙananan ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da lamba biyu, ta inda ya fito da ta inda za shi. Wannan lambar ita ce adireshin IP. In babu ita, amsa ba ta san hanyar dawowa gare ka ba. Shi ya sa duk shafin da ka buɗe yake ganinta, kamar yadda duk wanda ka kira yake ganin lambar wayarka.

Siffarta da aka fi sani lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakani, kowace daga 0 zuwa 255. In aka lissafa duka, ba su wuce biliyan 4.3 ba, ga shi mutanen duniya sun haura biliyan 8, wani ma wayarsa biyu. A watan Fabrairun 2011 babbar ma'ajiyar duniya ta raba ragowar da ke hannunta ga hukumomin nahiyoyi. Tamu ta Afirka ita ce AFRINIC, mai mazauni a tsibirin Morishiyos, ita ke bai wa kamfanoni irin su MTN, Orange da Camtel nasu kason. An fito da sabon tsari mai dogayen lambobi da ake kira IPv6 don magance ƙarancin, amma tsohon ne har yanzu ya fi yawa a hannunmu. Abin riƙewa a nan shi ne, lambar ba taka ba ce. Ta kamfani ce, aro aka ba ka.

Ƙunshin kuwa daga wayarka eriya yake hawa, daga eriya zuwa cibiyar kamfani, daga nan ya faɗa igiyar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. SAT-3 a nan Duwala ta fito, WACS a Limbe, a Kribi kuma akwai wadda ta tafi Legas da wadda ta tsallaka har Fortaleza ta ƙasar Barazil. Masu riƙe kwanan wata za su tuna 14 ga Maris, 2024, ranar da igiyoyi huɗu suka samu matsala a teku wajen gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi nauyi daga Gana har Najeriya da Kamaru. Ranar ce da yawanmu muka gane cewa cinikinmu a kan igiya yake rataye.

Gidan haya mai ƙofa ɗaya

Tunda lambobin sun yi kaɗan, sai aka yi dabarar gidan haya. Ku duba gidajenmu na New Bell: ɗaki goma sha biyar, ƙofar waje ɗaya. Mai kawo saƙo ƙofar waje ya sani, yaron da ke zaure ne ya san ɗakin kowa. Akwatin wayfay da ke shagonka ko falonka shi ne wannan yaron. Yana bai wa kowace waya lamba ta cikin gida, yawanci mai farawa da 192.168, shi kuma ya fita waje da lamba ɗaya tak a madadin kowa. Lambar cikin gida ba ta da amfani a waje. Miliyoyin gidaje a duniya suna da 192.168.1.1, kamar yadda kowane gidan haya yake da ɗaki na ɗaya. Wanda ya yi maka barazana da irin wannan lambar, ɗaki na ɗaya ya ce maka ya sani, bai faɗi a wane gari ba.

Kamfanonin waya su ma haka suke yi, sai dai nasu gidan ya fi girma. In kana kan data, sau da yawa kai da ɗimbin mutanen da ba ka sani ba lamba ɗaya kuke fita da ita, kuma tana canzawa. Ɗan ƙanwata da ke karatun sadarwar kwamfuta ya gwada mini a shago. Ya buɗe wani shafi da ke nuna wa mutum lambarsa, muka rubuta a bayan rasit. Ya kashe rezo, ya kunna, ya sake buɗewa, sai ga wata daban. Ya ce, "Kawu, duba garin da ya ce muke." Na duba, Yawunde aka rubuta, alhali muna zaune ana kiran La'asar a New Bell.

To me mai barazanar ya sani ke nan? Ya san ƙasar da kake, ya san kamfanin da kake amfani da shi, wani lokaci ya dace da garin. Bai san sunanka ba, bai san lungunku ba, bai ga hotunanka ba, bai karanta saƙonninka ba. Taswirar da yake turowa mai jan ɗigo, hasashe ne na kamfanonin da ke tattara irin waɗannan bayanai. A Amurka an yi wani abu da ya isa misali. Kamfanin MaxMind, in bai san takamaiman wurin da lamba take ba sai dai ƙasar, sai ya ɗora ɗigon a tsakiyar Amurka. Ashe ɗigon a kan wata gona ya faɗa a jihar Kansas. Adireshi sama da miliyan 600 suka koma suna nuna gonar. Shekara da shekaru 'yan sanda da mutanen da aka damfara suna sallama a ƙofar bayin Allah da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, sai a 2016 da 'yan jarida suka tono maganar aka gano dalili.

In kuwa mai barazanar ya faɗi sunanka da na unguwarku daidai, to ba daga IP ya samo ba. Ko dai daga abin da ka baza da hannunka ne a Facebook da TikTok, hoton ƙofar shago da lambar waya a jikin allo, ko kuma wani na kusa ne. Da ɗan gari kan ci gari.

Yadda suke samun lambar ma ba wani tsafi ba ne. Hanya ta farko, a turo maka linki a ce ga hotonka ko ga kyautar data, kana taɓawa shafin ya rubuta lambarka. Ta biyu, kiran murya, domin wasu manhajoji kan haɗa waya da waya kai tsaye don murya ta fita tas. A ƙarshen 2023 WhatsApp ya ƙara wani maɓalli a sashen sirri na saituna, can ƙasa, mai kare adireshin IP a lokacin kira. In ka kunna shi kiran zai bi ta na'urorin kamfanin, wanda kuke magana ba zai ga lambarka ba.

Akwai wanda ya san ɗakin kowa, shi ne kamfanin da ya ba ka aron lambar. Dokar Kamaru mai lamba 2010/012 ta ranar 21 ga Disamba, 2010, wadda ta shafi tsaron intanet da laifukansa, ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan haɗi na tsawon shekara 10. Layukanmu kuma da katin shaida aka yi musu rajista. Ma'ana, ɗan iskan da ke tsoratar da 'yarki ba shi da ikon tambayar kamfani ko ke wace ce, amma hukuma tana da ikon tambayar ko shi wane ne. Shi ya fi ki abin tsoro, Hajiya.

Inda bangon ya tsage

Kada wani ya karanta wannan ya ce ashe babu komai. Akwai, sai dai ba a inda muke kallo ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar uku na fi gani a kasuwa.

Ta farko bakinmu ne. A cikin 'yan kasuwar da na sani da aka ƙwace wa WhatsApp ko aka kwashe wa kuɗin waya, ban ga wanda aka shiga ta IP ɗinsa ba. Kira aka yi, murya mai ladabi, "Alhaji, mun sa ka a zauren taron masallaci, lambobi shida za su shigo maka, karanto mini." Ya karanto, shi ke nan, asusun ya koma wayar wani, aka shiga bin abokan cinikinsa ana neman rance da sunansa. Ko a kira a ce daga kamfani ne, an turo maka kuɗi bisa kuskure, danna kaza ka sa lambar sirrinka. Babu ma'aikacin gaskiya da zai nemi lambar sirrinka. Maganin na farko kuma yana cikin wayarka: kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, ka zaɓi lambobi shida da kai kaɗai ka sani, ba shekarar haihuwarka ba.

Ta biyu kyamarorin tsaro. Gobara da sata sun koya wa 'yan Kasuwar Kongo sa ido, yanzu shaguna da yawa da ma'ajiyai suna da kyamarar da mai ita ke kallo ta waya yana gida. Alheri ne. Amma a nan ne adireshin IP yake da haƙori. Kowace lamba tana da ƙofofi sama da dubu 65, kowace hidima da tata. Don ka iya kallon shagonka daga nesa, wani lokaci mai haɗawa kan buɗe ɗaya daga ciki ya bar ta. In kalmar sirrin na'urar tana nan yadda ta fito daga kwali, admin da admin, ko 12345, to ka sa ƙofar ƙarfe ne ka bar makulli a jiki. Kuma ba sai wani ya tsane ka ba, akwai manhajojin da aikinsu dare da rana shi ne bin lambobin duniya ɗaya bayan ɗaya suna taɓa ƙofofi. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da akwatunan intanet da jerin kalmomin sirri na kwali kusan 60 kacal. Ranar da aka haɗa maka kyamara, kafin mai haɗawa ya hau bensikin ya tafi, sa shi ya nuna maka inda ake canza kalmar, ka canza da hannunka.

Ta uku karamcinmu. Bahaushe ba ya hana maƙwabci ruwa, yanzu kuma ba ya hana shi wayfay. Ka ba yaron shago, ya ba abokinsa, abokin ya ba na layin baya. Ku tuna gidan haya: duk da lambarka suke fita. In ɗayansu ya yi damfara ko ya zagi wanda ba a zagi, sawun da za a bi ƙofarka zai kawo, sunanka ne a takardar kamfani. Kafin ka wanke kanka ka sha zirga-zirgar komisariya, shago a rufe. Yawancin akwatunan yanzu suna da layin baƙi daban, a buɗe wa jama'a shi, a riƙa canza kalmar lokaci lokaci.

Masu tambaya a kan VPN, ga amsa a taƙaice. 'Yan Najeriya sun san shi tun rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Aikinsa kamar ka ba dillali kayanka ne ya kai da sunansa: mai karɓa lambar dillalin yake gani, ba taka ba. Amma dillalin ya san ka, ya san inda kake aike. Na kyauta kuwa, ka tambayi kanka da me yake biyan haya. Kuma VPN ba ya hana mutum karanta wa ɓarawo lambobi shida.

Zuwa ga samarinmu

Akwai wata tsohuwar barkwanci a tsakanin masana kwamfuta. Wani yaro mai cika baki ya shiga zaure yana cewa duk wanda ya isa ya ba shi IP ɗinsa ya ga aiki. Sai wani ya ce, ga shi, 127.0.0.1. Yaro ya duƙufa, can sai aka ga ya ɓace daga zauren. Abin dariyar shi ne, wannan lambar a kowace kwamfuta ta duniya ma'anarta "ni kaina". Kansa ya kai wa hari. Yawancin masu "na san IP ɗinka" ajinsu ke nan: sun kalli bidiyo biyu a YouTube, sun sauke manhajar da ba su san me ke cikinta ba, wadda sau da yawa su take fara yi wa sata.

Sai dai doka ba ta san wasa ba. Waccan dokar ta 2010 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10, ko tarar miliyoyin sefa, ko duka biyun, ga wanda ya shiga na'ura ko hanyar sadarwar wani ta hanyar zamba. Najeriya ma tana da tata dokar laifukan intanet tun 2015. "Gwaji nake yi" ba hujja ba ce a gaban alƙali, kamar yadda wanda aka kama cikin shagon mutane da dare ba zai ce ƙarfin kwaɗo yake gwadawa ba. Ku tambayi labarin Daniel Kaye, ɗan Birtaniya da ya koya wa kansa kutse. An biya shi ya kai wa kamfanin waya na Lonestar hari a Laberiya, ya yi amfani da irin waccan Mirai, a ƙarshen 2016 intanet ɗin ƙasar ya durƙushe. A Janairun 2019 kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 2 da wata 8. Ya fi duk yaran unguwarmu iyawa nesa ba kusa ba, kuma an kamo shi.

Ban ce a ƙwace wa yaro kwamfuta ba. Yaron da ke son sanin yadda kwaɗo yake aiki, ko ya zama ɓarawo ko ya zama maƙeri, ya danganta da wanda ya riƙe hannunsa. Akwai filayen da aka gina musamman don a fasa, da izinin masu su. Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka tana da picoCTF, kyauta, don 'yan makaranta. Akwai Root-Me da harshen Faransanci, wanda zai yi wa yaranmu na nan sauƙi, akwai TryHackMe da OverTheWire ga masu Turanci. Ana ɓoye wata kalma a cikin na'ura, a ce nemo ta, in ka samo a ba ka maki. Manyan kamfanoni ma suna biyan wanda ya gano musu ɓaraka ya faɗa musu. A 2019 wani matashi ɗan Ajantina mai shekara 19, Santiago Lopez, ya zama na farko da ya tara dala miliyan ɗaya ta wannan hanya a dandalin HackerOne.

Ba sai mun je nesa ba ma. Nji Collins, ɗan Bamenda, yana da shekara 17 ya zama ɗan Afirka na farko da ya shiga sahun zakarun gasar Google Code-in, aka sanar a farkon 2017. A daidai lokacin ne aka yanke intanet a yankunan masu Turanci, daga Janairu har Afrilu, sai da ya koma Yawunde don ya ci gaba da aikinsa. In yaron da aka yanke wa intanet ya kai nan, namu da ke kwana da data a Duwala, ga Jami'ar Duwala da makarantun fasaha a bayan gida, ba su da uzuri. Sharaɗin ɗaya ne, kuma tsohon sharaɗi ne da iyayenmu suka koya mana: abin da ba naka ba, ba ka taɓa shi sai da izinin mai shi. Ko wayfay ɗin babanka ne, tambaye shi tukuna.

Ga iyaye kuma, musamman mata da suka rubuto: in irin wannan saƙo ya shigo wa yaro ko yarinya, kada a biya ko dala. Wanda aka biya sau ɗaya gobe zai dawo. Kada a goge saƙon, a ɗauki hotonsa da lambar da ta turo, a toshe shi, a kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma, a nan Kamaru kuma akwai hukumar ANTIC da ke karɓar irin waɗannan koke. Abin da ya fi duka, kada a fara da faɗa. Yarinyar da ta san duka ne zai fara tarbarta ba za ta faɗa ba, ɓoyewar nan kuwa ita ce jarin mai barazana. A zaunar da ita, a karanta mata abin da ke sama, ta san cewa lambobin da aka turo mata na ƙofar gidan haya ne mai ɗaki dubu.

Allah Ya tsare mana dukiya da mutunci, Ya shirya mana zuri'a. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kan maganar aika kuɗi tsakanin sefa da naira, da yadda za a rage asara a hannun 'yan canji. Masu tambaya su ci gaba da aikowa ta hannun edita. Na bar ku lafiya.